Yadda Za Ki Naɗe Kyauta Ki Haɗa Kati da Abin da Ke Cikin Gida

Ranar sunan ɗiyar ƙanwar maigidana a Gangare, a baƙar leda na kai kayan barka, kamar yadda kowa ke yi. Rigunan sanyi ne guda biyu da hula da safa da sabulu, waɗanda sai da na sha yawo a Terminus kafin na samu masu kaurin da zai iya da sanyin Jos. Gida cike da mata, na miƙa wa wata yarinya na ce ta kai ɗakin mai jego. Ita kuwa da ta ga baƙar leda sai ta nufi madafa, ta ajiye kusa da ledar tattasai da albasa. Sai bayan kwana uku aka gano ta tana ƙamshin daddawa, kuma ba wanda ya san ko wa ya kawo. Da na koma gaida mai jego ne na hango hular a kan jaririya, na ce ai ni na kawo. Goggo ta dube ni ta ce, "Ayya 'yar nan, ai da kin sa alama."

Bikin da ya biyo baya sai na je shago na sayi takardar nan mai ƙyalƙyali. Kuɗinta ya ba ni haushi, ga shi kuma ko keke ban sauka ba kusurwa ɗaya ta yage. Daga nan na fara duba abin da ke cikin ɗakina, na kuma gane cewa abin da ke sa ƙunshi ya yi kyau awo ne da kari mai kaifi. Takardar banza idan an auna ta daidai an kuma karya ta da kyau, ta fi mai tsada da aka cukuikuye.

Kayan aiki

Almakashi mai kaifi, rula, fensir, sabuwar reza, tsohon biro da tawadarsa ta ƙare, salatif, da dutsen guga. Kada ki taɓa almakashin ɗinki, takarda tana dakusar da shi, kuma idan na kishiya ne ko na uwar miji kin jawo magana. Ki nemi shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, tebur ko tsakar ɗaki mai siminti da aka share. A kan katifa ko kafet kari ba ya fita.

Takarda kuwa, wadda na fi so ita ce mai ruwan ƙasa da ake yi wa littattafan 'yan makaranta bango. Ana samunta a shagunan littattafai na titin Rwang Pam da kewayen Terminus, tana da arha, tana da ƙarfi, kuma kowane launi aka ɗora mata yana fita. Bayan ta akwai bayan tsohuwar kalanda, wanda fari ne tas mai santsi, da manyan ambulan na ofis idan aka farke su, da takardar da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Idan kina da wani a wurin masu buga katin biki, ki roƙe shi ragowar da injin yanka ke zubarwa. Zirara ne masu kauri iri-iri, su a wurinsu shara ce.

Jarida ma tana yi, amma a nan sai an buɗe ido. Kafin ki sa almakashi ki duba gaba da baya. Duk shafin da ke da aya ko hadisi ko sunan Allah ki ajiye shi gefe, domin takardar naɗi ƙarshenta ƙasa ce, za a yage ta a taka. Kalanda ta fi kowa wannan matsala. Ki kuma guje wa shafin ta'aziyya da na labarin tashin hankali, kada amarya ta buɗe kyautarki ta ci karo da hoton mamaci.

Idan takardar ta yamutse, ki shimfiɗa ta, ki rufa mata siririn ƙyalle, ki goge da dutsen guga mai ɗumi kawai, ba ruwa. Mai ƙyalƙyali irin ta leda ba a goge ta, narkewa take yi ta manne wa dutsen.

Sai ƙyalle. Ki je wurin telanki ki ce, "Malam, don Allah a tara mini 'yan ƙyallaye." Makon da ke gaban Sallah ko Kirsimeti ƙarƙashin kekensa cike yake da guntayen atamfa da shadda da leshi. Nawa telan har ware mini masu faɗi yake yi, ni kuma nakan kai masa kunun aya idan na yi.

Gam na gida

Gam ɗin kwalba irin su Top Bond yana da kyau idan akwai. Idan babu, ki dama sitacin rogo cokali ɗaya da ruwan sanyi kaɗan, ki zuba tafasasshen ruwa kina juyawa kamar za ki dama koko, har ya yi kauri ya koma garai-garai. Fulawa ma haka: cokali ɗaya, ruwa cokali biyar, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kamar talge. Ki bari ya huce. Kwana biyu zuwa uku yake yi kafin ya fara tsami, saboda haka ki dama daidai aikin ranar. Abin da aka manna da shi kuma kada a ajiye a lungu, kyankyaso da ɓera suna sonsa.

Wanda ya fi su tsafta shi ne ƙaro, wanda malaman allo ke sa wa tawada. Ki jiƙa 'yan ƙwayoyi a ruwan ɗumi su kwana, da safe ki tace da ƙyalle. Ba ya barin tabo, shi na fi amfani da shi a kati.

Kowanne ne, da ɗan yatsa ko tsinken auduga za ki shafa shi siriri. Yawan gam ne ke sa takarda ta yi tudu-tudu. A hunturun Jos yana bushewa kafin ki juya, don haka ki riƙa shafa wa wuri kaɗan kina mannawa. A watan Agusta kuwa, da ruwa ba ya ɗaukewa, sai ki ba shi kwana guda.

Yi wa takarda ado

Nan ne yara ke shigowa, kuma nan ne aikin ya fi daɗi. Allah ya hore mana dankalin turawa a Filato, to ki ɗauki guda mai tauri ki raba shi biyu da wuƙa, yanka ɗaya miƙaƙƙe domin fuskar ta kwanta daidai. Ki zana abin da kike so da fensir: tauraro, jinjirin wata, ganye, ko lu'ulu'u mai kusurwa huɗu. Sai ki sassaƙe kewayen zanen da reza, zurfin kamar rabin santimita, zanen ya rage a tsaye. Ki goge ruwan dankalin da ƙyalle, in ba haka ba zai tsinka launin. Na taɓa gwada dagin Arewa, ya cinye mini dankali huɗu kafin ya fito, kuma ko da ya fito sai da aka tambaye ni mene ne. Ki fara da mai sauƙi.

Kuɓewa ba ta buƙatar sassaƙa. Ki yanka ta a gicciye, ki bar ta ta ɗan sha iska yauƙin ya ragu, za ta buga miki fure mai 'yan ramuka kamar an zana. Rabin albasa yana ba da zobe cikin zobe. Murfin kwalba yana ba da da'ira.

Launi kuwa, fentin ruwa na 'yan makaranta shi ne mafi sauƙi. Amma akwai na madafa. Zobo da aka dafa da ruwa kaɗan ya yi kauri yana ba da ja, sai dai idan ya bushe a takarda yakan juye shunayya, wani lokaci har ya yi toka-toka. Ki matsa masa lemon tsami idan jan kike so. Kurkur yana ba da rawaya, idan kika ɗiga masa ruwan kanwa sai ya koma ja-ja. Bula ta wanki tana ba da shuɗi. Ganyen shayi da aka dafa sosai, idan aka shafe farar takarda da shi, sai ta yi kamar tsohon kundi. Ki zuba wa kowanne ɗan ruwan ƙaro domin ya kama. Waɗannan launuka rana tana kashe su, amma naɗin kyauta ba shekara zai yi ba.

Kada ki tsoma dankalin cikin launi. Ki ninke tsohon ƙyalle a faranti, ki jiƙa shi da launin, ki riƙa danna dankalin a kai sannan ki buga a takarda. Ki gwada sau biyu a wata takardar daban. Wajen bugawa ki bi layi, ki bar tazarar yatsu uku, layi na biyu kuma ya faɗa tsakanin na farko kamar jeren bulo. Idan ta bushe ta lanƙwashe, ki sa ta ƙarƙashin katifa ta kwana.

Naɗe abu mai kusurwa huɗu

Littafi, kwalin turare, kwalin takalmi, sabulu da aka jera, duk hanya ɗaya ce. Kafin komai ki ɓamɓare takardar farashi.

Ki shimfiɗa takardar, fuskar ado tana kallon ƙasa. Ki kife kyautar a kai, wato samanta ya kalli ƙasa, domin haɗin ya zo a gindi. Yanzu awo. Ki ja takardar ta zagaye kwalin sau ɗaya, ki ƙara yatsu uku, ki sa alama da fensir. Ta ɓangarorin biyu da suka rage, takardar ta wuce kwalin da kamar kashi biyu cikin uku na tudunsa, kada ta kai tudun gaba ɗaya. Mafi yawan ƙunshin da kike gani da kumburarren kai kamar gammo, takarda ce ta yi yawa a nan. Ki yanke rarar tun yanzu, za ta yi amfani a kati.

Wajen yanka, idan hannunki ba ya miƙewa da almakashi, ki ninke takardar a kan alamar, ki karya ta da farce, ki zura wuƙa cikin ninkin ki ja.

Ki ɗago gefe ɗaya ki kwantar a bayan kwalin, ki riƙe shi da ɗan guntun salatif a jikin kwalin. Ɗaya gefen, ki ninke bakinsa ciki kamar faɗin yatsa ɗaya, kamar kalmasar zane, domin ya ɓoye karkataccen yanka. Ki ja shi da ƙarfi ya hau kan na farko, ki manne. Takardar ta kama jikin kwalin kamar rigar da aka auna. Sannan ki bi kowace kusurwa da babban yatsa da manuni kina matsewa, daga wannan kai zuwa wancan, har layi ya fito. Wannan matsewar ita ce rabin aikin.

Saura kai da kai. Ki juyo buɗaɗɗen gefe ya fuskance ki. Ki tura takardar dama da ta hagu ciki su kwanta a jikin kwalin. Za ki ga kunnuwa biyu masu siffar alwatika sun fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ki karya gefunansu da farce. Ki kwantar da na ɓangaren haɗin tukuna, sannan ki ninke ɗan bakin ɗayan ki rufe a kansa. Ki tsayar da kwalin a kan gefen da kika gama, nauyinsa ya danne shi, ki yi ɗaya gefen.

Salatif ba ya son ƙura. Lokacin hunturu ki goge tebur da hannuwanki, ki kuma cire man da kika shafa, in ba haka ba zai ɓalle a hanya. Idan ba kya son a gan shi, ki lanƙwasa guntu ya zama zobe, danƙon yana waje, ki ɓoye shi ƙarƙashin ninkin.

Idan kin auna kin ga takarda ta gaza da kaɗan, kada ki jefar. Ki juya kwalin ya zauna a karkace, gefunansa suna kallon kusurwoyin takardar, sai ki ɗago kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakiya kina tura rarar ciki. Sau da yawa takan isa. Idan kuma duk da haka wani wuri ya leƙo, ki yanko zirin atamfa ki yi masa ɗamara, ba wanda zai san gyara ne.

Abin da ba shi da siffa

Atamfa, hijabi, ɗankwali da kayan jarirai suna da laushi, takarda ba ta samun abin kamawa. Ki ninke kayan su yi kusurwa huɗu, ki yanko kwalin taliya ko na madara daidai girmansu, ki sa ɗaya ƙasa ɗaya sama, sai ki naɗe kamar littafi. Ki tabbata kwalin ba ya warin sabulu ko kifi.

Kwalbar humra ko ta turaren wuta, da farko ki ɗaure murfin da leda da zare, saboda mai idan ya tsiyaya ya gama da takarda. Ki kwantar da ita a bakin takarda, ki bar yatsu biyu ta gindi da taƙi guda ta sama, ki mirgina ta, ki manne. Gindin ki riƙa kwantar da shi kaɗan-kaɗan kina zagayawa, kamar tattarar siket, ki rufe da ɗan da'irar takarda. Saman ki tattare a wuyan kwalbar ki ɗaure, ki baza bakin.

Tarkace irin su 'yan kunne, man shafawa da alewar yara, jaka ta fi dacewa da su. Ki naɗe kwalin sukari ko wani ƙaramin kwali kamar yadda na faɗa a sama, amma ki rufe kai ɗaya kawai, kada kuma ki manna takardar a jikin kwalin. Ki zare kwalin, ga jaka ta tsaya da gindinta. Ki sa guntun kwali a ƙasa ya ƙarfafa ta, ki ninke bakin, ki huda rami biyu ki zura zare.

Amma wanda na fi so duka shi ne ɗauri da ƙyalle, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka iyayenmu ke ɗaure kwanon tuwo a kai gona ko gidan suruki. Mutanen Japan suna da irinsa, suna ce masa furoshiki, sun mai da shi abin ado. Ki samu ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai, wanda daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ya kai tsawon kyautar sau uku. Ki goge shi. Ki shimfiɗa shi bayansa yana sama, ki sa kyautar a tsakiya a karkace. Ki ɗauko kusurwar da ke kusa da ke ki rufe kyautar ki cusa bakin ƙarƙashinta, ki jawo ta nesa ta hau kai. Sai ki kama ta dama da ta hagu, ki tattare su kusa da jikin kyautar, ki ƙulla sau biyu a sama, ki baza kunnuwan. Idan da sabon ɗankwali kika ɗaure, kyauta ta zama biyu. Shadda mai sitaci tana da gardama wajen ƙulli, atamfar da aka wanke da yadi mai laushi sun fi biyayya.

Ɗauri da ɗan abin sama

Zaren saƙa, igiyar rama, siririn kaba da aka jiƙa ya yi laushi, ko zirin atamfa mai faɗin yatsu biyu da aka yaga da hannu. Tsawon da za ki buƙata: zagaye ɗaya ta tsawo, ɗaya ta faɗi, da ƙarin taƙi uku na ƙulli. Ki fara daga sama, ki gicciya a ƙasa, ki dawo sama ki ƙulla.

A ƙarƙashin ƙullin ki soke abu ɗaya: sandar kirfa, 'yan kanumfari da aka zura a zare, reshen na'ana'a, ko tsohon maɓalli mai kyau. Ɗaya na ce. Idan takarda ta sha ado, zare kawai ya isa. Idan takardar ba ta da komai, a nan ƙyalle mai hayaniya ke da wuri. Na ga ƙunshin da aka haɗa wa leshi da duwatsu da fure da ƙyalƙyali, ya fito kamar motar amarya.

Kati

Ki sayi kwali mai ɗan kauri, fari ko ruwan madara, girman A4, wato santimita 21 da 29.7. Ki raba shi biyu ta tsawonsa, kowane rabi ya zama 21 da 14.8. Kowane rabi kati ɗaya ne idan an ninke shi, zai fito 10.5 da 14.8.

Kada ki ninke kai tsaye, bayan zai farfashe. Ki auna tsakiya, ki ɗora rula, ki ja layi da mataccen biron nan kina dannawa sau biyu. Kwalin zai karye a kan layin da kansa. Ki bi karin da bayan cokali.

Fuskar katin, ga hanyoyin da na gwada suka yi. Mafi sauƙi, ki duba guntun atamfa ki yanko fure ɗaya ko tsuntsu ɗaya daga zanenta, ki bi gefensa da almakashi a hankali, ki shafa wa kwalin gam, ba ƙyallen ba, ki ɗora ki danne. Idan katin suna ne, ki yanka ƙyallen a siffar 'yar riga, ki ja zare daga gefe zuwa gefe kamar igiyar shanya, ki manna rigar a kai. Na biki, ƙananan alwatika masu launin ankon bikin a jere. Mata suna lura da wannan fiye da yadda kike zato.

Idan kina da hannun zanen lalle, kin huta. Baƙin biro mai siririn baki ya ishe ki, ki fara daga kusurwa ɗaya ki bar zanen ya hau gefe, sauran filin ki bar shi fari. Katin sauka kuwa, ki kwaikwayi zayyanar allo: layi biyu a kewaye, tsakaninsu ƙananan murabba'ai da alwatika ja da rawaya da kore. Da rula da fensir ake fara shi, yana cin lokaci, amma ɗalibin da ya sauke zai ajiye shi.

Sai ganye. Idan kin je Farin Gada sayen kayan miya, ki ce mai karas ya bar miki ganyen. Ki zaɓi masu kyau, ki jera su tsakanin takarda biyu, ki sa cikin babban littafi ki ɗora masa nauyi. Bayan mako ɗaya zuwa biyu za su bushe su kwanta kamar leshi. Ganyen zogale ma haka, da furannin nan marasa kauri masu ruwan hoda da ke leƙowa ta katangun Rayfield. Fure mai tsoka kamar wardi ruɓewa yake yi, sai dai a cire fatunsa ɗaya-ɗaya. Wajen mannawa ki ɗiga ƙaro da tsinken sakace, ki ɗora ganyen, ki rufe da takarda ki danna da tafin hannu.

Duk katin da ya sha gam, ki sa shi tsakanin takardu ƙarƙashin littattafai ya kwana, in ba haka ba zai bankare.

Ambulan ɗinsa daga takardar A4 ɗaya yake fita. Ki yanke ta ta zama 21 da 21. Ki juya ta kusurwa ɗaya ta kalle ki, ki kwantar da katin a tsakiya. Ki ninko kusurwar dama da ta hagu, za su kusa haɗuwa a tsakiya. Ki ninko ta ƙasa ta hau kansu, ki zare katin, ki shafa gam a gefunanta kawai ki manne. Ta sama ita ce murfi. Ki bar 'yar sarari wajen ninki, kada katin ya matse.

Idan gudummawar kuɗi ce, wancan katin ya yi gajere, domin takardar naira 500 da ta 1000 tsawonsu ya ɗan haura santimita 15. Ki ninke A4 gida uku kamar wasiƙa, ki manne gefe biyu na kason ƙasa ya zama aljihu, na sama ya rufe, ki ɗaure da zare. Kuɗin zai shiga a miƙe ba tare da an dunƙule shi a tafin hannu ba.

Abin da za ki rubuta

Ki fara rubutawa a wata takarda, ki ja layi da fensir a katin, ki rubuta, tawada ta bushe sannan ki goge layin. Hannu ba ya rasa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kamar waya, to ki sa su. Idan tsohuwa ce da ta fi gane ajami, ki nemi wanda zai rubuta mata da shi.

Kalmomin da muke faɗa da baki su ne suka fi. Na suna: Barka da arziki, Allah ya raya, ya yi mata albarka. Na aure: Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, idan kuma ƙawa ce ta ƙut da ƙut ki ƙara da Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Na Sallah: Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Maƙwabciyata da ke aiko mana da shinkafa da cincin duk Disamba, nakan rubuta mata: Maman yara, barka da Kirsimeti, Allah ya bar zumunci. Sannan ki ƙara layi ɗaya da ba wanda zai iya rubuta shi sai ke, ko da tuna mata ne da ranar da ruwa ya tare ku a Katako kuka fake a rumfar mai gwanjo. Babba kuwa ki kira shi da sunan girmansa, Baba, Inna, Yaya, Malam, kada ki rubuta sunan yanka. Aya ba na sa ta a kati, saboda ban san inda zai ƙare ba.

Sunanki ya fito wuri biyu, cikin katin da kuma wata 'yar takarda da aka huda aka ɗaura a zaren waje. Biki bashi ne, akwai mai rubuta abin da kowa ya kawo, kuma a taro kati yakan rabu da kyautarsa. Ki rubuta yadda aka san ki a gidan, Maman wane ta Unguwar Rogo, ba sunan takardar makaranta ba.

Ranar kaiwa, idan damina ce, ki zura ƙunshin cikin leda saboda ruwa da cunkoson keke, ki rungume shi a cinya, ki cire ledar a ƙofar gida ki cusa a jaka. Idan yaro za ki aika, ki nuna masa inda zai riƙe, ki gaya masa sunan wadda zai ba hannu da hannu, ki kuma ja masa kunne kada ya tsaya a tsakar gida yana jiran tukuici. Idan sun ba shi ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.